Hasumiyar Coucy, wadda ta rage a hoto

Jama'a, ku ɗan tsaya ku kalli hoton nan da kyau. Launinsa ya koma ruwan ƙasa, gefensa ya fara koɗewa. Irin hotunan nan ne da gidajen tarihi ke ɓoyewa cikin akwati, nesa da hasken rana, ba a fito da su sai da dalili. Abin da ke tsaye a tsakiyarsa hasumiya ce ta wata kagara a arewacin Faransa, a garin Coucy, wanda masu garin ke furtawa Kusi. In ka je can yau ba za ka same ta ba.

Turawan da, idan za su gina kagara, sukan zagaye ta da ganuwa, sannan su tayar da hasumiya ɗaya da ta fi komai ƙarfi. Nan ce mafaka ta ƙarshe in abokan gaba sun ci ganuwa. Faransawa suna kiranta donjon. Ta Coucy ta kai kusan mita 54 a tsayi, wato kamar a ɗora hasumiyar masallacin Agadez a kan wata irinta. Kaurin bangonta kuwa ya kai mita 7, har matakalar hawa sama a cikin bangon aka gina ta.

Wanda ya gina ta a shekarun 1220, Enguerrand na Uku, ba sarki ba ne. Basarake ne mai ƙasa da dukiya da girman kai. Kirarin gidansu ma ya ishe ka: ni ba sarki ba, ba yarima ba, ni ne dai mai Coucy. A ganina hasumiyar nan ba don tsoron maƙiya kaɗai aka yi ta ba, gori ne ake yi wa sarkin Faransa da dutse.

Yanzu ku dubi can sama, bakin hasumiyar. Kun ga wasu duwatsu da suka leƙo waje a jere kamar haƙora? A kansu ake kafa rumfar katako lokacin yaƙi, dakaru su tsaya a ciki suna sako duwatsu a kan duk wanda ya matso gindi. Ku bi jikin ginin da ido zuwa ƙasa, za ku ga tsaga. Ta sha wuya. A 1652 Kadinal Mazarin, babban ministan sarkin Faransa, ya sa aka fasa rufin ɗakunanta da albarushi, a 1692 girgizar ƙasa ta tsaga ta, daga baya mutane suka riƙa kwasar duwatsun kagarar suna gina gidajensu. Duk da haka tana tsaye. A ƙarni na 19 masanin gine-gine Viollet-le-Duc ya ɗaure ta da ɗamarar ƙarfe don kada ta buɗe.

Shi kansa hoton, ba a banza ya yi wannan launi ba. A wancan zamani takarda ake shafa wa farin ƙwai da gishiri, a jiƙa ta da ruwan sinadarin azurfa, a kifa gilashin da aka ɗauki hoton a kanta, a shanya a rana. Farin ƙwan ne ke yin rawaya in ya tsufa. Shi ya sa masu kula da shi ke tsoron haske da danshi kamar wuta.

Sai yaƙin duniya na farko. Sojojin Jamus suka mamaye yankin tun 1914. A watan Maris na 1917, da za su ja da baya, suka dura wa hasumiyar tan 28 na nakiya. An ce Yarima Rupprecht na Bavariya, wanda shi ma kwamandan Jamus ne, ya roƙi a bar ta, Janar Ludendorff ya ƙi. Ginin da ya yi kusan shekara 700 a tsaye ya zube cikin ƙiftawar ido.

Bayan yaƙi Faransa ba ta sake gina ta ba, ta bar kangon yadda yake don ya zama shaida. Mai ziyara yau tulin duwatsu zai tarar. Mai bincike kuwa, in yana son sanin yadda ƙofarta take, da sassaƙen jarumin da ke kokawa da zaki a samanta, sai ya nemi zanen Viollet-le-Duc, ko ya roƙi a buɗe masa akwati a fito da hoto irin wannan.