Fatar Aska Ba Mawashi Ba Ce

Jama'a, assalamu alaikum. Kwanan nan tambaya ɗaya ake ta turo mini: mutum ya sayi askar ninkewa mai tsada, irin ta Solingen da ke Jamus ko ta Sheffield a Ingila, ya yi aski sau biyu, sai ta fara fizgar gashi, fatar goge bakin aska da aka haɗo masa da ita kuma duk ta tsattsage. Wasu har sun ce jabu aka sayar musu. To, a mafi yawan lokuta askar lafiyarta ƙalau, hannu ne ya kuskure, kamar yadda zan nuna muku a wannan bidiyon.

Shirin fuska ba wuya, mu wuce shi da sauri. Ruwan ɗumi, ko tawul mai ɗumi a kan gemu minti biyu zuwa uku, gashi ya sha ruwa ya yi laushi. Sai sabulu, kumfa ta yi kauri kamar yadda kuke gani. Shi ke nan.

Ga inda ake faɗuwa. Ku dubi wannan dutsen, shi ne mawashi. Aikinsa cin ƙarfe, yana fito da sabon baki. A kansa bakin askar ne ke gaba, kamar za ka yanki dutsen. Wannan sai an yi watanni ake bukatarsa, idan aska ta dakushe da gaske.

Wannan kuma fata ce. Ba ta cin ƙarfe. Bakin aska siriri ne ƙwarai, duk askin da aka yi sai ya ɗan lanƙwashe, yadda ido ba ya gani. Fata miƙar da shi take yi, ta goge shi. Saboda haka tafiyar ta saɓa da ta dutse: gadon bayan askar ne ke gaba, bakin yana biye.

Mu rage gudun hoton. Na ja fatar ta miƙe sosai, kada ta yi ciki. Na kwantar da askar gaba ɗaya, baya da baki duk suna taɓa fata. Ba na dannawa, nauyinta ya isa. Na tafi... na kai ƙarshe. Yanzu ku kula da yatsuna: a kan gadon baya nake juya ta, bakin ya tashi sama ya kifo ta ɗaya gefen, sannan in dawo. Idan ka juya ta kan baki, ka murƙushe kaifin da kake nema, ka kuma sari fatar. Ni ma fatata ta farko haka na yi mata, ranar da na saye ta, ina kwaikwayon saurin wanzamin unguwarmu. Na manta shi ya fi shekara talatin yana rataye da zabira. Sauri ba ya ƙara kaifi ko kaɗan. Kamar sau arba'in zuwa da dawowa kafin kowane aski, a natse.

Ga ta gefe, ku sake gani. Baya gaba. Juyi a kan baya.

Saura fuska. Ɗaya hannun ya ja fatar kumatu ta miƙe. Askar ta kusa kwanciya, ɗagin bai wuce digiri 30 ba. Idan ka tsayar da ita, kankara kake yi. Gajerun ja, ka bi yadda gashi ya kwanta, daga saje zuwa ƙasa. Masu murɗaɗɗen gashi irin namu, ni dai shawarata a bar askin da ya saɓa wa kwanciyar gashi, shi ke jawo ƙurajen nan na wuya. Kuma kada a taɓa jan aska ta gefe, yanka ne nan take.

Wani zai ce, to mai askar da ake sa wa rabin reza fa? Kai ba ruwanka da fata, canza reza kawai. A shago ma ita na fi so, a sa wa kowa sabuwar reza, don ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 a jikin ƙarfe da ranta. Askarka taka ce kai kaɗai, ko ƙaninka ya roƙa ka ba shi haƙuri.

An gama, ruwan sanyi, a shafa alif inda aka ɗan ƙwarzane. Zai yi zafi, ku ga yadda na runtse ido. Askar kuma a share ta ta bushe sarai kafin a ninke, musamman wajen ƙusar da take ninkewa a kai, don nan tsatsa take fara kamawa.