Naman sa da taliya a Crock-Pot, girkin ranar sanyi

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da warhaka. Yau naman sa da taliya za mu yi a tukunyar lantarkin nan mai dafa abinci a hankali, wadda a nan Amurka kowa Crock-Pot yake ce mata ko da ta wani kamfanin ce daban, tun 1971 aka fito da sunan har yau ya ƙi barin bakin mutane. Girki ne na mutanen Indiana da Ohio in sanyi ya shigo, wasunsu ma a kan dakakken dankali suke zuba shi, taliya a kan dankali fa jama'a, ni dai ban kai nan ba tukuna.

Ku matso ku ga naman. Na kafaɗa ne, kilo ɗaya da ɗan wani abu, kun ga jijiya da kitsen da suka ratsa shi ko? To su nake nema. Mutum sai ya je ya sayo tsoka zalla mai tsada yana ganin ya yi gwaninta, a wannan tukunyar kuwa bushewa za ta yi ka yi ta tauna kamar igiya, amma jijiyar nan in ta sha awa 8 a ƙaramar wuta narkewa take yi ta shige cikin romon ya yi danƙo, wallahi daɗin duk a nan yake. Kuma don Allah kar a jefa nama da ƙanƙararsa, tukunyar ba ta saurin ɗaukar zafi, sai ya daɗe a irin ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so, tun dare a fito da shi daga firiza a sa a firij.

Na barbaɗa gishiri da masoro, ga kasko ya yi zafi, zan soya kowane gefe har ya yi ja. Wasu na tsallake wannan saboda sauri, zai dahu dai amma ƙamshin ba ɗaya ba. Albasa biyu da tafarnuwa a kaskon, ɗan ruwa a kankare abin da ya kama a ƙasa, duka cikin tukunya. Romon nama na kwali da ake sayarwa a kanti kofi 3, ku riƙa karanta jikin kwalin fa, wani ana sa masa giya. Kar ruwa ya rufe naman gaba ɗaya, murfin ba ya barin tururi ya fita sai ma ƙaruwa da ruwan zai yi. Na rufe, kuma banda leƙe, duk buɗewa ɗaya zafi ne ya gudu sai an ƙara jira.

To mun dawo, ku ji gidan nan, kai! Ku kalla, cokali mai yatsu kawai na sa yana wargajewa da kansa. Na cire kitsen da ya taso sama na mayar da naman, yanzu ne taliya za ta shiga, mai ƙwai mai faɗin nan, a kai wuta babba minti 20 zuwa 30, in kuka sa ta tun safe caɓewa za ta yi ku rasa gane ta. Tana shan romo sosai, in ya yi ƙasa a ƙara ruwan zafi, in kuma ya yi tsululu a dama garin sitacin masara cokali ɗaya da ruwan sanyi a zuba. Bari in ɗanɗana, Bismillah... gishiri ya ɗan yi kaɗan, miƙo min robar can.