Kunya da Neman Aiki a Ingila: Jawabi a Taron Ƙungiyarmu na Manchesta

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malam shugaba, iyayenmu maza da mata, ƙannena da 'ya'yana, barkanmu da warhaka. Minti goma aka ba ni kafin a buɗe kulolin tuwo, kuma na ga idon wasu yana can, don haka ba zan ja ku da nisa ba.

Wanda ya shigo ƙasar nan a 2022 ya tarar da ƙofar aikin kula da tsofaffi a buɗe. A Maris na 2024 aka hana masu wannan biza kawo iyali, a Yulin 2025 kuma aka daina ɗauko su daga waje. Mafi ƙarancin albashin da ake nema kafin kamfani ya ɗauki nauyin bizar ƙwararren ma'aikaci ya tashi daga fam 26,200 zuwa 38,700 a Afrilun 2024, bai ma tsaya nan ba. Kiɗa ya canza ke nan. Yaranmu da suka gama digiri na biyu suna dakon kaya a sito da dare, wai kafin a samu na gaske, bizarsu tana ƙarewa kamar kuɗin cefane.

Maganar takardu mai sauƙi ce. Digirinka na Bayero ko na Zariya, ka tura wa UK ENIC, hukumar da ke auna takardun karatu na waje, su rubuta matsayinsa a ma'aunin nan. Ma'aikaciyar jinya ta san sai ta ci jarrabawar Turanci, ta wuce CBT, jarrabawar kwamfuta, da OSCE, jarrabawar gwada aiki a aikace, kafin NMC, hukumar ma'aikatan jinya da ungozoma, ta yi mata rajista. A takardar tarihin aiki kuma, don Allah a cire hoto da ranar haihuwa da jiha da ƙaramar hukuma. Nan ba mai tambayar wannan, shafi biyu ya isa.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. An raine mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne a zaure. Intabiyu ɗina na farko a garin nan, mutum uku suka zauna gabana, suka ce in ba su labarin wata matsala da na taɓa warwarewa a wurin aiki. Na sunkuyar da kai kamar ina gaban surukina, na ce mun yi ƙoƙari, Allah ya taimake mu. Ban samu aikin ba. Da na daure na buga waya don jin dalili, matar ta ce mini sun ji abin da ofishinmu ya yi, amma har na fita ba su san abin da ni na yi ba.

Tun daga ranar nake shirya labarai biyar kafin kowace intabiyu: ga halin da na tarar, ga abin da aka ɗora mini, ga abin da na yi da hannuna, ga abin da ya haifar, da lissafinsa in akwai. Wannan ba alfahari ba ne, shaida ce, kuma ba a ɓoye shaida. Ke da kika riƙe adashin mata arba'in shekara uku ko sisi bai ɓata ba, kin san riƙon kuɗi da sulhu tsakanin mutane. Ki faɗa da bakinki, kina kallon idonsu.

Akwai kwasa-kwasan Skills Bootcamps da gwamnati ke biya, ba sa wuce mako 16, a fannin kwamfuta da gini da tuƙin manyan motoci. Kowa ya duba ko takardun zamansa sun ba shi dama.

Ku kuma manya, likitoci da injiniyoyi da ke zaune a layin gaba, zumuncinmu ya tsaya a suna da ta'aziyya. Kowannenku ya ɗauki yaro ɗaya ya yi masa intabiyun gwaji, ya matsa masa sosai. Bayan la'asar ina teburin bakin ƙofa da jan biro, mai takarda ya kawo.

Wassalamu alaikum.