Wa ya zo bikin Bo Callahan?

To jama'a, assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Madalla. Abu uku zan faɗa kan fim ɗin Draft Day na 2014, wanda Ivan Reitman ya ba da umarni, Kevin Costner ya fito a matsayin Sonny Weaver, manajan Cleveland Browns. Ƙwallon Amurka fa, wadda ake rungumewa a hannu ana bangazar juna, ba irin ta 'yan Arsenal ba (dariya).

Na farko tsarin. Ƙungiyoyi 32 ne a NFL, wato babbar gasar ƙwallon Amurka, duk shekara suna zaɓen yara daga jami'o'i, zagaye 7, kuma wadda ta fi shan kashi bara ita ke fara ɗauka. Ku ji fa, na kashin baya shi ke fara sa hannu a akushi! Shi Sonny ya miƙa wa ƙungiyar Seattle zaɓinsa na zagayen farko na shekara uku don ya samu lamba 1, wato ya zama shi ne zai fara ɗauka, kowa ya ce ai Bo Callahan zai ɗauka, yaron da duk ƙasar ke yabo.

To nan ne inda nake so, ku yi haƙuri zan daɗe a nan. Ya sa a bincika masa yaron, ga ƙarfi ga gudu ga iya jifa, ba abin kushewa, sai mai binciken ya ce akwai wani ɗan abu, ranar da ya cika shekara 21 ya yi biki kuma ko ɗaya cikin abokan wasansa bai zo ba. Ko ɗaya! Mutanen da kuke atisaye tare, kuna cin abinci tare. Wallahi nan na tsayar da fim ɗin na yi shiru. Alhaji, kai da ka aurar da 'ya'ya, in ka je binciken aure ai ba uwar yaro kake tambaya ba, mai shayin bakin layi kake zama wajensa. To shi ne. Ko ɗaya fa bai zo ba.

Ga kuma maganar dala 100 da wata ƙungiya ta manna a shafin ƙarshe na littafin dabarunta don a gane wa ya karanta har ƙarshe, Bo ya ce ya karanta amma bai san da kuɗin ba. Wannan na biyu ne ko na uku? Ku dai riƙe. Soyayyar Sonny da jarumar fim ɗin Jennifer Garner kam cikon lokaci ce, mu wuce. Ƙarshe dai ya bar Bo ya ɗauki Vontae Mack, wanda marigayi Chadwick Boseman ya fito a matsayinsa, sunan da ya rubuta a 'yar takarda tun safe.

Na'am ɗan'uwa? Wai a zahiri ana haka? Gaskiya cinikin da Sonny ya yi a ƙarshe, ya karɓo duk abin da ya bai wa Seattle har da gyara cikin 'yan mintuna, wannan sai a fim. Kuma ka ji abin dariya, fim ya fito watan Afrilu, watan Mayu Browns ta gaske ta ɗauki Johnny Manziel a lamba 22, shi ma sunansa ya cika ko'ina, kaka biyu kacal suka sallame shi. Tom Brady kuwa, wanda daga baya ya zama gwarzon wasan, lamba 199 aka ɗauke shi a 2000. An kira sallah ko? To a kashe na'urar.