Wane tiyo ya dace da cika akwatin kifin ado?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau maganarmu a kan tiyo ce, wanda ake jawo ruwa da shi daga famfo zuwa akwatin gilashin da ake kiwon kifin ado. Mai kiwo zai sayi matatar ruwa mai kyau, ya sayi abinci mai kyau, sannan ya je bayan gida ya ɗauko tiyon ban-ruwan fulawa ya cika akwati da shi. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ruwan da ya bi ta cikin tiyon nan shi kifi zai kwana a ciki, shi zai yi ta shaƙa dare da rana har sati ya zagayo.

Yawancin tiyon lambu da roba mai suna PVC ake yinsa. Ita wannan roba asalinta tauri gare ta, sai an zuba mata sinadaran da ke tausasa ta kafin ta lanƙwasu, kuma waɗannan sinadarai suna narkewa cikin ruwa kaɗan-kaɗan. Wasu masana'antu suna sa dalma a cikin robar don ta daɗe. Bakin tiyon kuma, wancan mai ruwan zinariya da ake murɗawa a famfo, tagulla ce, akwai jan ƙarfe a cikinta, sau da yawa har da dalma. Ƙungiyar Ecology Center da ke jihar Mishigan a Amurka ta gwada tiyon lambu guda 32 a 2016, ta kuma sami dalma da sinadaran tausasa roba a cikin wasunsu. Dokar Amurka da ta fara aiki a 2014 ta ce dalmar da ke cikin kayan ruwan sha kada ta wuce kashi 0.25 cikin ɗari, amma tiyon lambu ba a lissafa shi cikin kayan ruwan sha.

Ku lura da jan ƙarfe musamman. Ɗan abin da ba zai dami mutum ba yana kashe jatan lande da dodon koɗi. Idan kun ga jatan landenku sun kama iyo a gigice bayan canjin ruwa, sannan suka kwanta a gefe guda, to ku binciki abin da ruwan ya bi ta ciki. Akwai kuma tiyon da ake rubuta masa cewa yana hana gansakuka ko ƙwayoyin cuta tsirowa. Ku guje shi. Maganin da aka sa masa ba ya bambanta ƙwayar cuta da ƙwayoyin bakteriya masu amfani da ke zaune a matatarku suna cinye ƙazantar kifi.

To wanne za a saya? Wanda aka yi domin ruwan sha. Irin wanda ake amfani da shi a jiragen ruwa da motocin da ake kwana a ciki, galibi fari ne ko shuɗi. Amma kada launi ya ruɗe ku, ku karanta rubutun jikinsa. Alamar NSF/ANSI 61 tana nufin an gwada shi don ruwan sha. Tiyon silikon mai ingancin abinci ma yana da kyau, haka na wata roba mai suna foliyuretan. Bakinsa ya zama na roba ko baƙin ƙarfen da ba ya tsatsa. Ni na fi son wanda ake hango cikinsa, domin da zarar kore ko baƙi ya fara fitowa a bangonsa za ka gani da idonka. Kuma ka shinshina shi tun kafin ka biya. Tiyon da ke tashin warin roba mai hawa kai, a bar shi inda yake.

Bayan an saya, ya zama na kifi kaɗai. Kada a wanke mota da shi, kada ya kusanci sabulu ko maganin feshi. Kafin ka sa bakinsa a akwati, ka sake ruwa ya zuba a ƙasa na 'yan mintuna, har sai ruwan da ya kwana a ciki ya fita duka. Ruwan da ya zauna cikin tiyo a rana shi ya fi kwasar sinadarai, saboda zafi yana ƙara narkar da su. In an gama, a tsiyaye shi tas, a rataye a inuwa.

Na'am, Malam na baya yana tambaya ko tiyo mai kyau ya wadatar, ba sai an sa maganin cire kulorin (sinadarin tsaftace ruwan famfo) ba. A'a, Malam, ba su da alaƙa. Kulorin daga gidan ruwa yake zuwa, kuma wasu gidajen ruwan kuloramin suke zubawa, wani sinadari ɗan'uwan kulorin wanda ba ya tashi ko an bar ruwa ya kwana a bokiti. In kai tsaye za ka cika daga famfo, ka zuba maganin tun kafin ka buɗe ruwa, gwargwadon ruwan akwatin gaba ɗaya. Ka buɗe famfon a hankali, ka auna zafin sabon ruwan ya yi kusa da na ciki, ka ɗaure bakin tiyon a gefen gilashi don kada ya fizge, kuma kada ka bar wurin sai ya cika.