Haɗa Vim daga tushe, da kamo shi in ya faɗi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Vim, manhajar gyara rubutu da kod a taminal, za mu haɗa da hannunmu, wato mu ɗauko ɗanyen kod ɗin mu dafa shi a kwamfutarmu maimakon mu karɓi dafaffe. Na san wani zai ce me ya yi zafi, to ku duba nan, wanda na saka da apt, mai girka manhajoji a Ubuntu, in na buga vim --version sai in ga clipboard da alamar ragi a gabansa, ma'ana ba ya magana da allon kwafi na kwamfutar. Eh, saka kunshin vim-gtk3 na magance wannan, amma mu cikin tukunyar muke so mu leƙa.

Vim dai wani ɗan ƙasar Holan ne, Bram Moolenaar, ya fitar da shi a 1991, ya yi ta rainonsa har ya rasu a Agustan 2023, ainihin shirin da yaren C aka rubuta shi, yana nan a GitHub. Sai mu yi git clone, mu shiga folda src, mu buga ./configure, wanda ke duba ko kwamfutar na da kayan da haɗin ke buƙata.

Sai configure ya tsaya, yana cewa bai ga terminal library ba. Ba wani abin tashin hankali ba ne, ncurses yake nema, laburaren da ke sarrafa allon taminal, ku saka libncurses-dev. Don clipboard kuma ku ƙara libx11-dev da libxt-dev tun yanzu.

To nan ne inda nake so ku buɗe kunne da kyau. Shi configure yana da littafin ajiya, wani fayil config.cache a cikin src/auto, duk abin da ya tarar a zagayen farko nan yake rubutawa, kuma in ka sake kiransa ba ya wahalar da kansa ya sake dubawa, littafin kawai yake buɗewa. Ni wannan abu ya taɓa cinye min yamma guda cur, na saka kayan X11 ɗin, na sake configure, na sake make, wato umarnin da ke haɗa shirin, clipboard na nan da ragi kamar ban yi komai ba, har na fara zargin kwamfutar, ashe tsohon labari yake karantawa. Maganin layi ɗaya ne, make distclean, wanda ke share littafin, sannan a sake daga farko.

Wannan karon mu ba configure CFLAGS="-g -O0". Shi -g yana barin sunayen fankishin da lambobin layi a cikin shirin, -O0 kuma yana hana kwamfaila yi wa kod ɗin kwaskwarima, don abin da kake gani a fayil ya zama shi ke gudana. Sai make -j4, ka ɗan kurɓi shayi.

Kar ku yi saurin make install fa, don wajen girkawa yana bi ta strip, ya kankare duk sunayen nan da muka sha wuya muka ajiye. Nan cikin src za mu tayar da shi, VIMRUNTIME=../runtime ./vim.

Yanzu a ce ya faɗi, ya rubuto Caught deadly signal SEGV, wato ya taɓa wurin memori da bai kamata ba. Kafin ka ɗora wa Vim laifi gwada ./vim --clean, ba fayil ɗin saitinka na vimrc ba fulogin, in bai faɗi ba to ɓarawon na cikin gidanka. In ya sake faɗuwa sai gdb, manhajar bin diddigin matsala a cikin shiri. Ni ba na son tayar da shi a cikin gdb kai tsaye, su biyun suna kokawar allo ɗaya rubutu ya cakuɗe, gara in buɗe wata taga in yi sudo gdb -p da lambar aikin Vim ɗin (PID), in buga continue, in koma in maimaita abin da ke kayar da shi.

Da ya faɗi gdb zai tsaya. Buga bt a cikinsa. Jerin fankishin da zai fito sawun ƙafa ne, na sama shi ne inda ya faɗi, amma sau da yawa mai laifin yana ƙasa kaɗan, wanda ya miƙo masa fointa, wato adireshin wuri a memori, babu komai a ciki. Sai frame da lambar wanda kake zargi a jerin, misali frame 2, sai print da sunan abin, in ka ga 0x0 to ka kama shi.

Bayan gyara ka yi sudo make install, zai sauka a /usr/local/bin. In ka buga vim ka ga tsohon ne ya fito, buga hash -r don taminal ta manta tsohuwar hanyar, sannan ka duba da which vim ka ga wanne ake kira.