Shin Jagoran Adawa Zai Iya Tayar da Jam'iyyar da Ta Durƙushe?

Shugaban wannan zama, malamaina, manyan baƙi, ɗalibai da sauran 'yan uwa maza da mata, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Tambayar da aka ɗora mini ita ce ko jagoran adawa yana iya tayar da jam'iyyar da ta durƙushe. Zan gina bayanina a kan jam'iyyar PDP, ba don ina goyon bayanta ko ina gaba da ita ba, sai don ita ce misalin da kowa a ɗakin nan ya gani da idonsa, tun daga lokacin da take juya ƙasar nan yadda ta ga dama har zuwa lokacin da gwamnoninta suka shiga ficewa ɗaya bayan ɗaya. Ra'ayina shi ne jagora yana iyawa, amma da wuya ya iya matuƙar shi kansa takarar shugaban ƙasa yake nema, alhali kuwa a wurinmu kusan duk wanda ake kira jagoran adawa mai neman takara ne.

Ya kamata mu fara sanin cewa tsarin mulkin da muke bi tun 1979 bai tanadi wata kujera ga wanda ya zo na biyu a zaɓen shugaban ƙasa ba. A Birtaniya jagoran adawa ɗan majalisa ne, yana da albashi da ofis, kuma duk Laraba idan majalisa tana zama yakan miƙe ya fuskanci firaminista da tambayoyi a gaban jama'a. A nan kuwa wanda ya sha kaye yakan nufi kotu, idan kotu ta gama da shi ya koma gidansa, daga nan sai dai a ji shi a sanarwar manema labarai. Ba shi da kwangilar da zai bayar, ba shi da muƙamin da zai naɗa, ba shi da ikon hukunta ɗan jam'iyyar da ya saɓa masa. Ko a Jamhuriya ta Farko, lokacin da muke da wannan kujera, ba ta tsinana wa mai ita abin kirki ba. Bayan zaɓen 1959 Cif Obafemi Awolowo ya bar kujerar Firimiyan Jihar Yamma ya koma majalisar tarayya a Legas a matsayin jagoran adawa, ya bar wa mataimakinsa Samuel Akintola gwamnati. Kafin 1962 ta ƙare jam'iyyarsu ta Action Group (AG) ta dare gida biyu, domin shi Awolowo yana riƙe da jagoranci, shi kuma Akintola yana riƙe da baitulmali. Wannan tsaga tsakanin mai suna da mai gwamnati ita ce har yau take cin jam'iyyun adawarmu.

Dalilin haka kuɗi ne, kuma gara a faɗe shi ƙarara. Jam'iyyunmu ba da kuɗin katin mambobi suke rayuwa ba. Wanda ya taɓa leƙa ofishin jam'iyya na mazaɓa shekara guda bayan faɗuwa zaɓe ya san abin da nake nufi. Zai tarar da shago ɗaya da kwaɗo a ƙofa, fentin tutar jam'iyya ya koɗe, mai gida yana bin kuɗin haya, rajistar mambobi kuma tana gidan ciyaman a cikin leda, in ma ba a mayar da wurin shagon cajin waya ba. Wanda yake biyan hayar nan, ya sayi man motar zuwa taro, ya aika da shinkafar azumi da ragon layya ga dattawan jam'iyya, shi ne mai jam'iyyar a zahiri, kuma a jihohinmu wannan mutum gwamna ne. A matakin ƙasa kuwa, babbar hanyar samun kuɗi ita ce sayar da fom, kamar yadda PDP ta sayar da na takarar shugaban ƙasa naira miliyan 40 a 2022, APC kuma ta sayar da nata miliyan 100. Jam'iyyar da take samun kuɗinta sau ɗaya a shekara huɗu daga aljihun masu neman takara ba za ta iya tsawata musu ba.

Ita PDP an kafa ta ne a 1998, kuma tushenta shi ne rukunin nan na G34 ƙarƙashin Dakta Alex Ekwueme, waɗanda suka fito suka nuna wa Janar Sani Abacha rashin amincewarsu da tazarce. Abin da ya haɗa su shi ne a raba soja da mulki, kuma da soja ya tafi a 1999, abin da ya ci gaba da riƙe su shi ne mulkin kansa da tsarin karɓa-karɓa tsakanin Arewa da Kudu. Ta yi shekara 16 a kan karaga, har wani shugabanta, Vincent Ogbulafor, ya bugi ƙirji cewa za ta yi shekara 60. Ba 'yan adawa ne suka fara kayar da ita ba. A ƙarshen watan Agustan 2013, ana tsakiyar babban taronta a Dandalin Eagle da ke Abuja, Alhaji Atiku Abubakar da gwamnoni bakwai suka tashi suka fice, suka nufi Cibiyar Shehu Musa 'Yar'adua suka shelanta sabuwar PDP ƙarƙashin Alhaji Kawu Baraje. A watan Nuwamba biyar daga cikinsu, wato gwamnonin Kano, Sakkwato, Adamawa, Kwara da Ribas, suka koma APC, wadda a lokacin ba ta wuce wata huɗu da samun rajista ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2015 Janar Muhammadu Buhari ya samu ƙuri'a miliyan 15.4, Shugaba Goodluck Jonathan ya samu miliyan 12.8.

Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da nake so ɗalibai su lura da shi sosai, domin mutane suna mantawa cewa PDP ta taɓa farfaɗowa. Daga 2016 zuwa tsakiyar 2017 jam'iyyar ta kasance da shugabanni biyu, Sanata Ali Modu Sheriff da Sanata Ahmed Makarfi, kowanne da takardar kotu a hannu, har sai da Kotun Ƙoli ta tabbatar da Makarfi a watan Yulin 2017. Da yawa sun riga sun yi mata jana'iza. Amma kwamitin riƙon Makarfi ya shirya babban taro a watan Disamban wannan shekara, a 2018 kuma Sanata Bukola Saraki da Sanata Rabi'u Musa Kwankwaso da Gwamna Aminu Tambuwal suka dawo, aka yi zaɓen fid da gwani a Fatakwal, Atiku wanda shi ma ya riga ya dawo jam'iyyar ya ci, waɗanda suka faɗi kuma ba su fice ba. A zaɓen 2019 ta samu ƙuri'a miliyan 11.2, ta kuma ƙwace kujerar gwamna a Bauchi da Adamawa da Oyo. Wa ya yi wannan aiki? Ba jagora ɗaya ba ne. Kwamitin riƙo ne da ya yi aikin sulhu, da gwamnonin da suka ɗauki nauyin kuɗi, musamman Nyesom Wike na Ribas, da kuma 'yan takarar da suka haƙura bayan sun sha kaye.

Shekara huɗu bayan haka sai duk abin ya warware, kuma tikitin takara ne ya warware shi. Kwankwaso ya koma NNPP a watan Maris na 2022, Peter Obi ya koma Labour a watan Mayu. A zaɓen fid da gwani Tambuwal ya janye wa Atiku, Atiku ya samu ƙuri'a 371, Wike ya samu 237. Wike da gwamnoni huɗu suka ce ba zai yiwu ɗan takara da shugaban jam'iyya, Dakta Iyorchia Ayu, duk su fito daga Arewa ba, suka nemi Ayu ya sauka, aka ƙi, su kuma suka zauna a cikin jam'iyyar suna yaƙarta. Sakamakon 2023 ya nuna Bola Tinubu da miliyan 8.79, Atiku da miliyan 6.98, Obi da miliyan 6.1, Kwankwaso da kusan miliyan ɗaya da rabi. Mutum ukun nan da suka biyo baya duk 'yan PDP ne a farkon 2022, kuma jimlar ƙuri'unsu ta haura miliyan 14. Ba ina cewa da sun tsaya tare duk ƙuri'un nan za su taru a akwati ɗaya ba, domin wani ya zaɓi Obi ne don ba ya son PDP, wani kuma a Kano jar hula ya bi ba jam'iyya ba. Abin da nake cewa shi ne mutumin da ya fi kowa suna a jam'iyyar shi ne wanda ya fi kowa rashin damar sasanta ta, domin abin da ake rigima a kansa yana hannunsa. Alƙali ba ya yanke hukunci a shari'ar da shi ma yana cikin masu ƙara.

Akwai mai cewa farin jinin jagora ya isa. Tarihin Buhari kansa ya ƙaryata wannan. A 2011 ya samu ƙuri'a sama da miliyan 12 a ƙarƙashin CPC, amma jam'iyyar gwamna ɗaya tak ta samu, Tanko Al-Makura a Nasarawa, domin a jihohi da dama rigimar 'yan takara ta cinye ta. Talakawa sun fito don mutum ɗaya, sun kasa, sun tsare, amma babu jam'iyyar da za ta riƙe wannan ƙauna ta mayar da ita kujeru. Sai da aka haɗa ƙuri'unsa da tsarin ACN da gwamnonin ANPP da waɗanda suka baro PDP sannan aka ci. Ko Malam Aminu Kano, wanda babu mai shakkar gaskiyarsa da riƙon aƙidarsa, bai iya hana PRP rabuwa zuwa 'yan santsi da 'yan taɓo ba, bayan da jam'iyyar ta samu gwamnoni biyu a 1979, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna.

To ina aka taɓa ganin jagora ya tayar da jam'iyya? Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne Neil Kinnock na jam'iyyar Labour ta Birtaniya, kuma abin lura shi ne bai taɓa zama firaminista ba. Ya karɓi jam'iyyar a 1983 bayan ta sha mummunan kaye da kujeru 209 kawai, ya shafe shekara tara yana faɗa da masu tsattsauran ra'ayi a cikinta, yana gyara manufofinta da tsarin tafiyar da ita, ya faɗi zaɓe a 1987, ya sake faɗuwa a 1992, sannan ya sauka. Tony Blair ne ya ci moriyar wahalar a 1997 da kujeru 418. Tsarin can ya ba Kinnock ikon da jagoran adawarmu ba shi da shi, wannan gaskiya ne, amma abin da ya fi muhimmanci shi ne da ya faɗi bai ɗauki magoya bayansa ya kafa wata jam'iyya ba.

Ba sai mun je Turai ba ma. A maƙwabciyarmu Nijar, Mahamadou Issoufou ya tsaya takara a 1993 da 1996 da 1999 da 2004 bai ci ba, duk a ƙarƙashin PNDS Tarayya, sai a 2011 ya kai ga nasara, kuma jam'iyyar ta iya tsayar da wani bayansa. A Gana, John Mahama ya faɗi a 2016 yana kan mulki, ya sake faɗuwa a 2020, amma bai bar jam'iyyarsa ta NDC ba. Jam'iyyar ta kafa kwamiti ƙarƙashin Farfesa Kwesi Botchwey ya bincika dalilin faɗuwar farko, ta koma ta sake tsara rassanta tun daga ƙasa, a watan Disamban 2024 kuma ta dawo da gagarumin rinjaye. Za a iya cewa waɗannan biyun sun saɓa wa ra'ayina, tunda kowannensu ɗan takara ne. Bambancin shi ne 'yan jam'iyyarsu sun san cewa ko an ci ko an faɗi gobe za su tarar da su a gida ɗaya, saboda haka wahalar da aka yi wa jam'iyya ba ta tafi a banza ba. Dole kuma a yi adalci a ce tsadar rayuwa da bashin da ya yi wa Gana katutu sun yi wa Mahama rabin kamfe, domin babu jam'iyyar adawa da take tashi ba tare da mai mulki ya yi tuntuɓe ba.

A wurinmu 'yan siyasa sukan ce jam'iyya riga ce, in ta yi datti ko ta matse sai a tuɓe a sa wata, kuma doka ta sauƙaƙa musu tuɓewar. Sashe na 68 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar tarayya da ya sauya sheƙa zai rasa kujerarsa, sai dai idan jam'iyyarsa ta rabu, wanda hakan ya sa duk mai son tafiya sai ya nuna wata rigima ya ce ga rabuwa. Gwamna kuwa babu abin da ya ɗaure shi, kuma tun 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa mataimakin shugaban ƙasa ba ya rasa kujerarsa don ya sauya jam'iyya. Shi ya sa a 2025 gwamnan Delta ya tattara ya koma APC tare da Ifeanyi Okowa, mutumin da ya tsaya wa Atiku mataimaki shekara biyu kacal kafin nan, na Akwa Ibom ya bi bayansa, na Enugu ma haka, jihohin da PDP ta riƙe tun daga 1999 har zuwa lokacin. A watan Mayun 2025 hukumar birnin tarayya ta garƙame hedikwatar jam'iyyar, Wadata Plaza, saboda bashin kuɗin ƙasa, alhali ministan birnin a lokacin shi ne Wike, wanda yake cewa shi ɗan PDP ne.

A watan Yulin 2025 Atiku ya fice daga PDP, aka kuma ƙaddamar da haɗakar 'yan adawa a ƙarƙashin ADC, da Sanata David Mark a matsayin shugaban riƙo, a wannan Cibiya ta 'Yar'adua da aka shelanta sabuwar PDP shekara 12 kafin nan. Wannan ba tayar da jam'iyya ba ne, ƙaura ce, kuma ƙaura tana iya cin zaɓe kamar yadda ta ci a 2015. Sai dai waɗanda suka hallara a ɗakin taron a ranar sun haɗa da Atiku da Obi da Rotimi Amaechi, kowannensu ya taɓa neman kujerar shugaban ƙasa, tikitin kuma guda ɗaya ne.